A YI HATTARA DA MASU ZAGAYE KULLEN WAYA

Duk wanda ya bi ta Kawo ranar Talata, ranar da kasuwa ta ke ci, ya san yadda jama'a kan cika tun daga gindin gada har bakin tasha. Ga matafiya Zariya, ga na Kano da Katsina, ga 'yan dako, ga masu talla, kowa da abin da ya fito da shi. To, a cikin wannan turmutsitsi akwai wani irin ciniki wanda ba ya bukatar rumfa, gama hajarsa a aljihu ta ke. Mutum yana tafiya sai ya ji an taɓa shi, ya waiwaya ya ga saurayi ya ɗan buɗe tafin hannu, ga waya tana walƙiya. "Malam, guzuri ne ya yanke mini. Ba ni abin da ya sawwaƙa."

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani al'amari da ya sami ɗaya daga cikin malaman firamare da mu ke zagayawa duba aikinsu. Ba za mu faɗi sunansa ko na makarantarsa ba, don ba tonon asiri ya kawo mu ba. Mutum ne natsattse, mai iyali, ya daɗe yana tanadi don ya sami waya mai kyau wadda za ta taimake shi wajen karatun ƙarin ilmi da ya ke yi. Ran nan ya gamu da irin wannan saurayi, ya sayi iPhone a kan kuɗin da bai kai rabin na kanti ba. Da ya isa gida ya kunna, sai wayar ta tsaya a kan shafi guda, tana cewa a kulle ta ke da sunan mai ita, a shigar da imel da kalmar sirrinsa. Washegari ya koma Kawo, saurayi ya yi ɓatan dabo.

Wani abokinsa ya ce masa kada ya damu, akwai masu gyara da ke da manhaja a kwamfuta wadda ke buɗe irin wannan kulle, abin da 'yan kasuwar waya ke kira baifas, watau zagayewa. Ya kai, ya biya, bayan kwana biyu aka miƙo masa waya a buɗe. Murna ba ta daɗe ba. Ya sa layinsa, babu sabis, ba a kira, ba a amsawa. Manhajar bankin da albashinsa ke shiga ta ƙi buɗewa. Bayan mako uku ƙanensa ya ga wayar tana nauyi, ya share ta don ta warware, sai ga shafin nan na ranar farko ya dawo. Mai gyara ya ce, "Ai Malam, na ce kada a share ta. Sai dai a sake sabon aiki, da sabon biya."

Sa'ad da malamin ya ke ba mu labari, abin da ya ce shi ne, "Ranka ya daɗe, na sayi waya sau biyu, har yau ba ni da waya." Mun yi ta juya wannan magana, muka ga lalle ya kamata a bayyana wa ma'aikata yadda abin ya ke, gama akawu da malamin makaranta su ne waɗanda mutanen unguwa kan je wa neman shawara a kan kome mai rubutu.

INA KULLEN YA KE?

Dattawanmu da suka yi aiki zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, suna tune da lasin keke. Ko wane keke da lambarsa a jikin ƙarfe, akawu kuma yana da littafin da ya ke rubuta sunan wanda ya yanki lasin. Ɓarawo ya iya sake fenti, ya canja sirdi da ƙararrawa, amma hannunsa ba ya isa ga littafin da ke ofis. To, kullen iPhone haka ya ke. Mutane da yawa suna tsammani kwaɗo ne a cikin wayar, wanda gwani zai sa guduma ya ɓalle. Alhali kuwa rajista ce da ke can cikin manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta.

Sa'ad da mai waya ya shiga asusunsa na iCloud, ya kunna tsarin neman waya in ta ɓace, kamfanin Apple ya kan ɗaure shaidar wannan waya da asusun mutumin. Daga ranar nan, duk lokacin da aka share ta aka zo tayar da ita, sai ta tuntuɓi kamfanin ta intanet, ta tambaya ko an sake ta. In rajista ta nuna tana da mai ita, ba za ta wuce ba sai da imel da kalmar sirrinsa. Apple ya fito da wannan tsari a watan Satumba 2013, tare da iOS 7. Google ya bi sawu a 2015 da Android 5.1, shi ne abin da masu gyara ke kira FRP, wanda ya shafi Samsung da Tecno da Infinix da Itel da sauran wayoyin da suka fi yawa a hannun mutanenmu. A waɗannan, alamar mai waya tana ɓoye a wani saƙo na cikin wayar wanda sharewa ba ta taɓawa, Google kuma shi ke tabbatar da kalmar sirri.

Sata ce ta haifi wannan dabara. A 2013 manyan lauyoyin gwamnati a New York da San Francisco, tare da magajin garin Landan, suka matsa wa kamfanoni su mai da wayar sata abin da ba shi da amfani a hannun ɓarawo. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a kan haka a 2014, ta fara aiki a watan Yuli 2015. A watan Fabrairu 2015 hukumomin biranen nan uku suka ba da sanarwa cewa bayan fitowar kullen, satar iPhone ta ragu da kashi 25 cikin 100 a New York, da kashi 40 a San Francisco, a Landan kuwa satar waya ta ragu da rabi. Da ɓarayi suka koma farke wayoyi suna sayar da kayan ciki, sai Apple ya miƙa kullen a 2024 har ya kai ga allo da batir da kyamara, ta yadda kayan da aka ciro daga kullalliyar waya ba sa karɓar saiti yadda ya kamata a jikin wata.

YADDA BAIFAS YA KE AIKI

Masu cewa suna buɗe kulle iri uku ne, kuma yana da kyau a rarrabe su.

Na farko su ne masu manhajar da ke bi ta wata kafa ta ainihi. A watan Satumba 2019 wani mai bincike ya bayyana wa duniya wani aibi da aka sa wa suna checkm8, wanda ke cikin ƙwaƙwalwar iPhone tun daga 4S ta 2011 har zuwa X ta 2017. Aibin yana cikin sashen da aka dasa tun daga masana'anta, don haka kamfanin ba shi da ikon toshe shi ta hanyar sabunta manhaja. Da yawa daga cikin manhajojin baifas a kansa aka gina su. Su kan kutsa cikin wayar ta igiyar kwamfuta, su ɓoye shafin kulle, wayar ta wuce kamar an sake ta. Amma rajistar nan ta kamfani tana nan yadda ta ke. Kamar mutum ne ya haura katanga ya shiga gida: yana ciki kam, amma mabuɗi na aljihun mai gida, sunan mai gida ne kuma a takardar fili. Tun da kamfanin bai ba wayar izini ba, abubuwan da suka dogara ga izinin su kan lalace, kamar kira da iMessage da FaceTime da sanarwar saƙonni. Akwai masu karɓar ƙarin kuɗi su bar sabis yana aiki, amma ko wannan ma da an share wayar ya tafi. Daga iPhone XS ta 2018 zuwa gaba kuwa, wannan kafa ba ta isa gare su.

A wajen Android, masu gyara su kan nemi wani gurbi a shafukan farko na tayar da waya su sulale ta ciki. Kamfanoni kuma suna bi suna toshewa, sabo da haka dabarar bara ba lalle ta yi aiki bana ba. Daga Android 15 ta 2024, ko mutum ya sulale, wayar ta kan ƙi karɓar sabon asusun Google, ta ƙi sabuwar lambar kulle allo, ta ƙi sauke manhajoji, har sai an tabbatar da mai ita na fari.

Na biyu 'yan damfara ne tsantsa. Su ne masu talla a intanet cewa a aika musu da lambar waya ta IMEI da kuɗi, a jira kwana uku. Wanda ya aika, ya yi sadakar da ba lada. Ba wanda ke waje da kamfanin da ke da alƙalamin rubutu a cikin rajistarsa.

Na uku su suka fi mugunta, su ne kuma waɗanda buɗewarsu ta kan tabbata. Ba sa taɓa kullen, mai wayar su ke farauta. Bayan an ƙwace wa mutum waya da 'yan kwanaki, sai saƙo ya zo masa kamar daga kamfani, wai an gano wayarsa, ya latsa nan ya shigar da kalmar sirri ya ga inda ta ke. Mutum cikin ɗoki ya shigar, ashe da hannunsa ya miƙa wa ɓarawo mabuɗi. A watan Satumba 2024 hukumar Europol da 'yan sandan ƙasashe shida, watau Sifen da Ajantina da Chile da Kolombiya da Ekwado da Peru, suka rushe wani dandali mai suna iServer da ke sayar wa masu buɗe wayoyin sata irin wannan tarko. An kama mutum 17. Hukumomin sun ce an yaudari mutane wajen 483,000, an buɗe wayoyi fiye da miliyan 1.2. Don haka in wani ya yi maka alkawarin cire kulle ƙat, ba saura, alhali ba shi ne mai wayar ba, ka tambayi kanka ta ina mabuɗin ya fito.

HAƊARI HUƊU

Na ɗaya, hasarar dukiya. Masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wayar baifas rabin waya ce: ba a share ta, sau da yawa ba a sabunta ta, waɗansu ma in caji ya ƙare suka mutu sai an koma wurin kwamfuta. Ranar da mai ita ya gaji ya so sayarwa, ko dai ya faɗi gaskiya ya faɗi warwas, ko ya ɓoye ya zalunci wani kamar yadda aka zalunce shi.

Na biyu, tonon asiri. Manhajar da ta iya karya ƙofar waya ta iya ganin abin da ke ɗaki. A kan iPhone 8 da X masu iOS 14 zuwa sama, dabarar checkm8 ba ta zama tare da lambar kulle allo, sai a bar wayar sake, duk wanda ya ɗauka ya shiga. Abin da ya sa manhajojin banki da yawa ke ƙin buɗewa ke nan, sun gane an fasa ganuwar wayar. A tuna fa, tun da aka fito da lambar BVN a 2014, aka kuma umurci a haɗa ko wane layi da lambar NIN a watan Disamba 2020, waya ta zama ita ce jakar kuɗin ma'aikaci, ita ce katin shaidarsa.

A nan akwai gargaɗi na musamman ga akawuna. Waɗansu samari masu ɗan sanin kwamfuta su kan ce ba sai an je wurin mai gyara ba, su sauko da manhajar da kansu a kwamfutar ofis. Abu na farko da irin waɗannan manhajoji kan nema shi ne a kashe mai gadin kwamfuta, watau manhajar da ke tsare ta daga ƙwayoyin cuta. Waɗanda a ke rabawa kyauta kuwa, sau da yawa da ɗan leƙen asiri a cikinsu, mai kwashe kalmomin sirri yana aikawa waje. Kwamfutar da ke riƙe da jerin albashi, da lambobin asusun malamai, da sakamakon jarrabawa, da sunayen 'ya'yan mutane, amana ce. Wanda ya kore mai gadi don ya buɗe wayar abokinsa ya ci wannan amana, ko da bai nufa ba.

Na uku, shari'a. Tun dokar Penal Code ta Jihar Arewa wadda ta fara aiki a 1960, har zuwa sabuwar da Jihar Kaduna ta yi a 2017, karɓar kayan sata laifi ne ga wanda ya sani, ko ya ke da dalilin da zai sa ya zaci na sata ne. To, wayar da aka saya a gefen titi a kan rabin kuɗi, ba rasit, ta kuma fito da sunan wani a fuskarta, wane dalili ya rage? Wanda ya kai ta a zagaye kullen ya ƙara wa kansa nauyi a gaban alƙali. Baifas ba ya canja lambar IMEI, lambar nan mai alƙaluma 15 wadda kamfanin layi ke gani duk sa'ad da waya ta hau sabis. Layin kuwa da sunanka da hotonka aka yi masa rajista. In bincike ya tashi, ɓarawon ya daɗe da ɓacewa, a hannun wanda aka sami kaya a nan igiya ta ke tsayawa. Ma'aikacin gwamnati ya san abin da kwana ɗaya a ofishin 'yan sanda kan jawo wa fayil ɗinsa.

Na huɗu shi ya fi nauyi, jinin mutane. Ƙwacen waya a garuruwanmu ya wuce wasa. A Kano abin ya kai ga a 2023 gwamnatin jihar ta ce za a ɗauke shi daidai da fashi da makami, bayan an yi ta sukar mutane da wuƙa a kan waya. An yi kullen ne don wayar sata ta rasa kasuwa. Ko wane baifas da aka biya, kasuwar ya ke rayawa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Amma kada a ce mun yi wa masu gyaran waya kuɗin goro. Sana'a ce ta halal wadda ta ke ciyar da samari masu yawa, daga Kaduna har kasuwar Farm Centre ta Kano, kuma da yawansu ba sa karɓar kullalliyar waya sai da shaida. Haka nan ba ko wace kullalliyar waya ce ta sata ba. Akwai waɗanda a ke shigowa da su daga ƙasashen waje, masu su na can suka manta ba su cire asusunsu ba. Sai dai mai saye a gefen hanya ba shi da hanyar rarrabewa, kuma ko wace ce daga ciki, baifas ba ya warkar da ita.

IN AN RIGA AN FAƊA

Da fari a gane wane kulle ne, gama iri uku ne mutane ke cakuɗawa. Akwai lambar allo, wadda in an manta, sharewa ta kan kawar da ita tare da kome da ke ciki. Akwai kullen kamfanin layi na ƙasar waje, wanda ke sa waya ta ƙi layukanmu, kamfanin layin nan shi ke sakinsa. Sa'an nan akwai kullen mai waya, wanda mu ke magana a kai. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya.

In an yi baifas sabis ya ɗauke, canja layi ba zai amfana ba, ciwon ba na layi ba ne. In aiki ya tsaya rabi, wayar ta maƙale a kan tambarin kamfani ko ta yi ta mutuwa tana tashi, a haɗa ta da kwamfuta mai manhajar Apple ta ainihi a mai da ta sabuwa. Za ta farfaɗo, amma kome na ciki zai tafi, kuma a kan shafin kulle za ta tsaya. Kada a ga laifin wanda ya yi wannan aiki, halinta na gaskiya ne ya bayyana. In kulle ya dawo bayan an biya, kada a sake biya, gama abin da ya dawo da shi jiya zai dawo da shi gobe.

In manhajar banki ta ƙi buɗewa, kada a nemi wata dabarar ruɗe ta. A cire layin a mai da shi wata waya, ko da ƙarama ce mai madannai, sa'an nan a canja lambar sirrin banki da ta imel daga waya mai lafiya. In a kwamfutar ofis aka sauke manhajar, a cire ta daga intanet nan da nan, a gaya wa shugaban ofis ba ɓoye-ɓoye, a sa masani ya wanke ta tas ya sake mata tsari, a kuma canja duk kalmomin sirrin da aka taɓa shigarwa a kanta. Kunyar faɗa ta fi sauƙi bisa ga ranar da albashin mutane zai yi ƙafa.

In kuwa fuskar wayar ta nuna saƙo da lambar da za a kira, to, mai ita yana nemanta. A rubuta bayanin yadda aka same ta, da rana da wuri, a sami shaidu, a kai ga hukuma. Hasarar kuɗi ce, amma mutunci ya tsira.

MAI GASKIYA DA KULLE YA KAMA SHI

Mun sha ganin wanda wayar tasa ce, da guminsa ya saya, amma kulle ya hana shi shiga. Mafi yawa dalilin guda ne: ranar da ya saya, yaron shago ne ya buɗe masa imel, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, mai waya bai tambaya ba, yaron bai rubuta masa ba. Sai ranar da aka yi wa wayar filashin ta nemi kalmar, a rasa mai ita.

Irin wannan mutum ba ya bukatar haura katangar gidansa. Google da Apple duka suna da hanyar maido da asusu ta lambar layi ko imel da aka ajiye tun farko. Google ya kan ce wanda ya canja kalmar sirri ya jira awa 24 kafin ya share waya, don haka in ta ƙi sabuwar kalmar a ranar, a yi haƙuri zuwa gobe. Apple kuma yana karɓar roƙon cire kulle daga wanda ya nuna takardar saye ta asali mai ɗauke da lambar wayar, in ya gamsu ya sake ta, sai dai abin da ke ciki zai tafi. In ɗan'uwa ne ya aiko da ita daga Ingila ko Saudiyya ya manta, ba sai an mayar masa ba, yana iya shiga asusunsa daga can ya cire ta cikin 'yan mintoci. Ko a kan mutuwa, wadda ke kan kowa, tun watan Disamba 2021 mai iPhone yana iya naɗa wanda zai gaji asusunsa, don kada magada su tsaya da waya a hannu kamar dutse.

KAFIN A BIYA KUƊI

Rigakafi ya fi magani. Wanda zai sayi wayar da aka yi amfani da ita, ya saya a shago mai mazauni, inda zai iya komawa gobe. Ya sa mai sayarwa ya cire asusunsa, ya share wayar ƙaf a gabansa. Sa'an nan mai saye ya sa nasa layin, ya tayar da ita da intanet tun daga shafin farko har ta buɗe, ya yi kira, a kira shi. Ya danna *#06# lambar IMEI ta fito, ya gwada da wadda ke jikin kwali in akwai, ya sa a rubuta ta a rasit tare da sunan mai sayarwa da rana da sa hannu. In mai sayarwa ya ce, "Tana aiki lafiya, sai dai kada ka share ta, kada ka sabunta ta," to, ya gama gaya maka kome. Mai da kuɗinka aljihu.

Ga shugabannin makarantu da na ofisoshi kuma, duk wata waya ko kwamfutar hannu da gwamnati ta raba don aiki, a buɗe mata littafi: lambarta, da wanda aka danƙa wa, da asusun da ke kanta, a ajiye rasit a fayil. In an yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, kada a sa hannu a takardar miƙa aiki sai ya cire asusunsa. Aiki ne na minti biyar, rashinsa kuwa ya kan mai da kayan gwamnati abin danne takarda.

Malamin nan namu ya bi shawara. Ya rubuta bayani, abokin aikinsa ya sa hannu, suka kai wayar ga hukuma, ya koma kan tsohuwarsa mai fasasshen allo, ya fara sabon tanadi. Ya kuma roƙe mu mu ba da labarinsa, don kada wani ya bi ta inda ya bi. Muna roƙon hedimastoci su karanta wannan a taron malamai, malamai kuma su faɗakar da manyan ɗalibai da iyayen yara, musamman a kan saƙon nan na ƙarya mai cewa an ga wayarka. Yau kowa ya koma gida ya duba, shin ya san imel da kalmar sirrin da ke kan wayarsa, shin rasit yana nan? In babu, a gyara tun rana ba ta ɓaci ba.

Allah Ya tsare mu da kwaɗayi, Ya sa albarka a ɗan abin da mu ke samu, amin.